Sarbar Kawu Idi da Jarrabawar Akra

Ban san ƙasarmu tana da tsawo ba sai da ƙafafuna suka kumbura cikin kar, babbar motar fasinja, tsakanin Paraku da Kwatano. Kujerata kan taya take, buhun wata mata ya danne mani gwiwa, kuma duk wanda ya ji inda za ni sai ya ba ni shawarar da ban roƙa ba. Wani ya ce aikin na'ura na maza ne. Na ce mashi na'urar ba ta taɓa tambayata ba. Daga nan ya juya wajen taga, na samu na yi barci.

Sunana Balki, 'yar Malanbil ce ni, kuma lise, wato sakandare, ce iyakar karatuna. Kawuna Idi ke riƙe da wani ofishin tiranzit bayan babbar kasuwa, reshen wani kamfani na Kwatano. Takardun kamiyo, manyan motoci masu ɗauko albasa da shinkafa, ta hannunmu suke bi kafin su kai duwan, wato kwastan, kuma dukkansu suna cikin na'ura guda da ake kira sarba, wadda sauran ordinatar ofis, wato kwamfutoci, ke sha daga gare ta. Wani ma'aikaci ya zo daga Kwatano ya girka ta ya tafi, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Ni da aka ɗauka don buga takardu na koyi jinyarta da bidiyon waya da taurin kai, har ta zama tawa. Sai kamfani ya aiko cewa daga yanzu ba mai taɓa sarba sai mai sartifika irin wadda ake yarda da ita ko'ina. In babu, za su turo nasu, ni kuma in koma bakin injin fotokofi. Kawu ya yi ta waya har ya samo mani hutu guda da damar jarrabawa guda. Ya ce in na faɗi ba shi da sauran bakin magana. Ni ma na san haka.

Lome na fara sauka, don can na ga tallar wata makaranta a waya, da hotunan ɗalibai gaban manyan na'urori masu fitilu. Ɗaki ɗaya na tarar a saman wani shagon taya. Mutumin da ke kiran kansa Direkta ya karɓi kafin alkalamina da hannu biyu, ya kira ni injiniya tun ban zauna ba. Kwana na fari ya rubuta umarni a allo muka kwafa. Kwana na biyu haka. A na uku na ɗaga hannu na tambaye shi ina na'urorin. Ya ce suna tashar jirgin ruwa, sai wata mai zuwa. Na tambayi wa ke ba da sartifikar, ya nuna mani ƙirjinsa. Na ce to a mayar mani da abina. Ya yi murmushi irin na wanda ya saba, ya ce 'yan arewa akwai gaggawa. Na gaya mashi abin da 'yan arewa ke kiran irinsa, cikin Dandanci, don ya fi fita daidai. Ban samu ko dala ba.

A matakala wani dattijo daga cikin ɗaliban ya biyo ni. Ma'aikacin tashar jirgi ne, ya ce shi ya san takardar banza ce, amma ita kaɗai shugabansa ke son gani. Ni kuwa tunda ta gaske nake nema, in ƙetara Akra, akwai wata mata da ke koyarwa kusa da inda ake zana jarrabawar. Ya sa mani lambarta a waya, ya ce in shirya, ba ta da daɗin baki. Na ce mun dace.

Iyakar Aflawo ta sa na gane 'yan kamasho na Malanbil waliyyai ne. Ban gama sauka daga kabu-kabu ba wani mai riga mai aljihu da yawa ya fizge katina na rigakafi, ya ce hatiminsa ya tsufa, in biyo shi. Na bi shi ina masifa da Faransanci yana amsawa da Turanci. Wata mai tallar burodi da tire a kai ta tare mashi hanya, ta zazzaga mashi wani yare da ban ji ko kalma ɗaya ba, ta zare katin daga hannunsa ta manna mani a ƙirji. Ta nuna mani ƙofar gaskiya da haɓarta, ta wuce. Ko burodinta ban samu na saya ba. Har yau in na tuna ta sai in yi mata addu'a, ban san sunanta ba, ban san addininta ba.

A Akra unguwar Nima na sauka, gidan Mma Ladi mai sayar da shinkafa da wake, wadda wata ƙawar innata ta haɗa mu. Hausarsu ta ba ni dariya, tawa ta ba su. Ta ce ina magana kamar kakanta da ya zo da goro. Ta ba ni katifa a ɗakin jikokinta, ta kafa mani doka cewa ba a fita gidanta da yunwa, ko ana faɗa da ita. Abincin akwai yaji, akwai yawa, amma bakina kopto, kwaɗon zogalenmu, yake nema da kifin gulbi. Ran Lahadi aka kai ni kallon teku, kowa na jiran in yi mamaki. Na tsaya na duba, ba tsallake, ba kwalekwalen da ke kawo mutanen Gaya, ruwa ne kawai yana ta hauka shi kaɗai. Na ce yana da kyau don kada su ji haushi, na koma gida na kira innata na yi kuka, na ce mata mura ce.

Madam Afi, malamar da dattijon Lome ya ba ni lambarta, gajeriya ce, da tabarau da silifa, gashinta ya fara fari. Ta yi shekaru tana riƙe da sarbobin wani banki kafin ta gaji da kayan ofis da taro ta buɗe wurinta. A bakin iyaka ta girma, don haka tana jin Faransanci, amma ta ce da ni za ta yi shi ne kawai in ta ga zan nutse, don jarrabawar da Turanci ake yin ta, kuma ba ta jin tausayi. Ɗakinta ba hoto ko ɗaya a bango. Tebura ne, da na'ura gaban kowa, da sanyin da ya sa na sayi rigar sanyi a garin da ake zufa.

Ban taɓa ganin mai koyarwa irinta ba. Ba ta tsayawa gaban allo. Da sassafe kafin mu zo sai ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ta lalata su, kowa da irin ciwon da ta zaɓar mashi. Wani ya tarar an canja mashi lambar sirri ta babban mai iko, wani faifansa ya ɓace, wani na'urarsa ta daina ganin 'yan uwanta. Sai ta zauna da kofin shayi tana kallonmu. In ka tambaye ta sai ta tambaye ka abin da na'urar ta ce. In ka ce ba ta ce komai ba sai ta ce ƙarya kake yi mata, na'ura ba ta mutuwa ba wasiyya, je ka karanta. Ta koya mana neman bayani cikin na'urar kanta, don ran jarrabawa ba waya, ba intanet, ba maƙwabci. Ta ce wannan jarrabawa ba ta tambayar me ka haddace. Za a ba ka sarba marar lafiya da jerin ayyuka, in ka yi an gani, in ba ka yi ba an gani. Da na ji haka sai na ji son jarrabawar ya kama ni, ko da ita ce za ta kayar da ni. Bayan Direkta, duk abin da ba a saye da murmushi ina girmama shi.

Wahalata ta fari haruffa ne. Kilabiye ɗinsu, wato allon haruffan da ake dannawa, na masu Turanci ne, ba a jere yake kamar namu ba, yatsuna kuma sun riga sun haddace na gida. Ni da ake taruwa kallon saurina a Malanbil na koma ina dube-dube kamar kaza. Kofi, wanda ke zaune kusa da ni, ma'aikacin asibiti ne da ya taɓa faɗuwa jarrabawar kuma bai ɓoye ba. Ya kawo mani wani tsohon kilabiye daga gidansa, ba ya ma aiki, ya ce in riƙa dannawa ina sauraron surutun Mma Ladi. Haka na yi. Jikokinta suka ɗauka wani abin kiɗa ne.

Duk da haka ni ke fara gamawa. Na saba gyara da direbobi tsaye a kaina, don haka hannuna ba ya jira. Ran da na fara gama komai kafin azahar na miƙe na ce Madam ta zo ta gani. Ta zo ta leƙa, ta gyaɗa kai, sai ta miƙa hannu ta bayan tebur ta zare wayar kuran, wadda ke ba na'urar wutar lantarki.

Na yi ihu har Kofi ya zubar da ruwansa. A garinmu ba a yin haka. Direba ya yi wuni a layi injinsa na ruri, ba zai kashe ba, don bai san ko zai sake tashi ba. Mai injin niƙa haka, mai gurup, wato janareto, haka. Abin da ke aiki ba a taɓa shi, kowa da wannan ya tashi, kuma ba wauta ba ce, batir tsada gare shi, makanike kuma nesa yake. Sarbarmu ban taɓa kashe ta da hannuna ba. In kuran ya ɗauke ya kashe ta, ni ke zama in tayar da ayyukanta ɗaya ɗaya, na san wanda ke fara tashi da wanda ke jiran ɗan'uwansa.

Madam ta mayar da wayar. Na'urar ta tashi, rabin aikina babu. Ta ce haka masu jarrabawa ke yi, sai sun kashe sun kunna kafin su duba, abin da bai tashi da kansa ba kamar ba a yi shi ba ne. Na ce ai sai su kira ni in tayar masu. Ɗakin ya fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in sake.

Na sake, amma zuciyata ba ta yarda ba. Ina ganin iyayi ne na mutanen da kuransu bai cika ɗaukewa ba. Sai wata Alhamis muna tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara, na ga Kawu ne, na fita baranda.

"Ke Balki, abin naki ya mace," in ji shi. "Kuran ya tahi, gurup ya ƙiya, yanzu ya dawo amma ba takardar da ka hita. Ga mutane nan cike da albassa cikin rana. Mi za ni yi?"

Na ce ya zauna gabanta ya sa tabarau. Kawu da yatsa ɗaya yake danna harafi, kuma kowane sai ya yi bisimilla. Na riƙa karanta mashi umarni harafi harafi, yana maimaitawa da ƙarfi, ina jin direbobi a bayansa suna ba shi shawara da Zabarmanci. Ya yi kuskure muka koma farko. Cajin wayata ya ƙare, Kofi ya miƙo mani wayarsa. Har la'asar ta kusa kafin na ji injin buga takarda ya fara kuka, ofis ya ɗauki kabbara. Kawu ya ce Allah shi yi mani albarka, in ba ni ba ba kowa.

Na juyo ina jin kaina kamar sarauniya, sai na ga Madam Afi jingine da ƙofa. Ta ji komai, don umarnin na'ura yare ɗaya ne ko'ina. Ta tambaye ni sau nawa ake haka, na ce duk lokacin da kuran ya ɗauke. Ta tambayi albasar wa ke cikin rana. Na ce ta mutane. Sai ta koma Faransanci, abin da ba ta cika yi ba.

"Hannunki ya fi na kowa a ɗakin nan, ban taɓa ɓoye maki ba. Amma ba ki gama aikin can ba, kin tsaya a tsakiyarsa ne kina riƙe da shi. Ran da kika kwanta zazzaɓi fa?"

Ta ce in shigo, shayi na hucewa.

Daga ranar ta sa mani ido. Kowa sau ɗaya take kashe mashi na'ura a wuni, ni kuwa duk lokacin da ta wuce. Daga baya ta daina taɓawa, sai ta tsaya bayana ta ce in kashe da kaina. Wannan ya fi wuya. Yatsana ya kan tsaya kan madanni kamar an ce in tura ɗana gulbi. Ta koya mani inda ake rubuta wa na'ura abin da za ta yi in ta farka, ayyukan da za ta tayar da faifan da za ta ɗauka, yadda ba sai an tsaya kanta ba. Aiki ne mai cin rai, ba wanda zai gan shi ya yaba. Ita kuwa a nan take jin daɗi. Ta taɓa ba mu labarin wata sarba da ta girka a banki, ta bar aikin da daɗewa, wani sabon ma'aikaci ya neme ta don kawai ya ga wadda ta yi ta, ya ce bai taɓa samun dalilin buɗe ta ba. Nan ne kaɗai na ga haƙoran Madam duka.

Ran jarrabawa Mma Ladi ta cika mani kwano ta ce sai na cinye, ta tofa mani addu'a a ka. A wurin aka karɓe waya da jaka, aka duba har cikin ɗankwalina, aka zaunar da ni gaban na'ura da agogo a kusurwar allo yana cin lokaci. Turancin tambayoyin ya fi na Madam tauri, wasu sai na karanta sau uku. Amma da na fara sai hannuna ya gane hanya. Na buɗe na'urar da aka kulle, na ƙirƙiri masu amfani da ita na raba masu iko, na yanka faifai, na ga girmansa bai yi daidai ba na goge na sake yankawa, na buɗe ƙofar da aka ce in buɗe, na rufe sauran. Na gama da sauran lokaci kaɗan, komai na aiki, komai kore.

Sai na zauna ina kallon allo. Duk jinin Malanbil da ke jikina yana cewa in tashi in miƙa haka nan, tana aiki, kada in taɓa. In na kashe ta ƙi tashi, lokacin da ya rage ba lalle ya isa ba. In na bar ta, su za su kashe ta bayan na fita, ba kuma mai kirana. Na tuna injin fotokofi da ƙamshin takarda mai zafi da zan shaƙa har tsufa. Na yi bisimilla irin ta Kawu na danna.

Ba ta tashi ba. Rubutu ya gudu ya gudu ya tsaya, ta ce tana jiran wani faifai da ba ta gani. Na karanta abin da ta ce tun daga sama, a hankali, yadda aka horar da mu. Faifan nan da na goge na sake yankawa ne. Ya samu sabuwar lamba, ni kuwa tsohuwar na bari a fishiyen, wato fayil ɗin, da take dubawa in ta farka, tana ta neman abin da babu. Layi ɗaya ne. Na shiga ta ƙofar gaggawa na gyara shi, na sake kashewa. Wannan karon ta tashi tsaf, ta ɗauko komai da kanta. Na bi ayyukan na tabbatar, agogo ya koma ja, na ɗaga hannu.

Da na gaya wa Madam abin da ya faru ba ta ce sannu ba. Ta tambayi wa ya kashe ta, na ce ni. Ta ce to, ta ci gaba da shan shayinta. Da zan tafi ta rako ni har bakin titi da silifanta, ta tsayar mani da mota, ta yi ciniki da direba kamar zai ɗauki 'yarta.

Sakamakon ya same ni a tashar Paraku ina cin doya. Na ci. Kofi ma ya ci, ya aiko mani da murya yana waƙar coci. Na tura wa Kawu, ya tura Kwatano, suka amsa da kalma biyu cewa kujerar tawa ce. Ban huta ba da na isa. Na yi kwanaki ina rubuta wa sarbarmu duk abin da na saba yi mata da hannu, ina kashewa ina kunnawa bayan an tashi aiki, Kawu na tsaye a ƙofa yana salati kowane karo.

Bayan 'yan makonni aka yi sunan ɗiyar yayata a ƙauyen Gene, ranar kasuwa, ofis cike. Muna cikin rabon goro wata da ta zo daga gari ta ce kuran ya ɗauke a Malanbil tun hantsi, bai daɗe da dawowa ba. Na ciro waya na duba, ba kira. Na ɗaga ta sama ko layi ne babu, layi cike. Na ajiye, na sake ɗauka. Daga ƙarshe ni na kira.

"Kawu, an ce kuran ya tahi."

"Ya tahi ya dawo."

"To sarba hwa?"

"Ga ta nan tana aikinta. Wani abu na?"

Na ce ba komai. Ya ce to in bar mashi waya, yana da mutane, kuma in taho mashi da naman suna. Ya kashe. Na zauna da waya a hannu, raina ya ɗan ɓaci, na rantse, don ba a taɓa sallamata da sauri haka ba. Yayata ta miƙo mani jinjirar ta ce tunda yau ba mai nemana, sai in riƙe mata ita ta ci abinci. Na karɓa, muka zauna har magariba.